Wai sana'ar itace akwai riba? Ga amsa daga bakin mai faskare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in faɗi albarkacin bakina akan wata magana da ta ishe ni kwana biyun nan, duk da nasan wani zai ce ina ruwan jarida da zancen itace ana fama da manyan matsaloli a ƙasa. To ai su manyan matsalolin ma sai an ɗora tukunya an sauke sannan ake samun bakin tattauna su.

Abinda ya ja na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shine wani maƙwabcina, tsohon malamin firamare ne da yayi ritaya, Allah ya taimake shi bayan dogon jira garatutinsa ya fito, ranar nan bayan la'asar ina tsakiyar faskare sai gashi da carbinsa, muka gaisa yace Malam dama shawara nazo nema, ance min sana'ar nan taku yanzu kuɗi kawai ake kwasa tunda gas ya gagari talaka, ina so in zuba ɗan abinda na samu a ciki kafin ya narke. Kuma ba shi kaɗai ba, cikin wata guda shine mutum na 3 da ya tare ni da wannan magana, akwai wani matashi da ya gama digiri, akwai wata bazawara da 'yan uwanta suka haɗa mata jari. Kowa maganar ɗaya ce, wai itace baya ruɓewa, baya tsufa, kowa na buƙata, ba ka biyan kuɗin shago. Na jawo masa gungume nace Malam zauna, wannan ba maganar tsaye bace.

Ni dai gadon sana'ar nayi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jakuna yake shigo da itace cikin Kano, tun ina makarantar allo nake riƙe masa gatari, yanzu na haura shekara 20 ina zaman kaina a bakin layinmu, da ita nayi aure da ita nake ciyar da iyali, don haka ba zan yi wa Allah butulci in ce babu komai a ciki ba. Akwai. Amma ribar ba a inda masu kallo daga nesa suke zato take ba, da yawansu kallon kitse suke wa rogo.

Gaskiya ne kasuwa ta buɗe, wannan kam babu musu. Da can gidan ma'aikaci da risho ake girki, kananzir ta tashi har lita ta haura naira 1,000 aka jingine risho a bayan ɗaki, aka koma gas, shima a 2024 kilo ɗaya ya wuce naira 1,000, sai ga matan da shekara da shekaru ko kallon inda nake basa yi suna aiko yara da yamma a siyo na 200 a ɓoye cikin buhu kar maƙwabta su gani. Na ga wannan da idona kuma har yanzu ina gani. Amma abinda masu lissafin baki basa haɗawa dashi shine, tsadar da ta koro mata daga gas ita ce dai ta hau kan motar da take ɗauko min itacen. Manyan motocin da dizal suke tafiya, wanda mu muke cewa man gas, shi kuma tun 2022 ya tashi bai sauko inda yake ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa Tinubu yace tallafin fetur ya tafi, litar da ake saya ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa 1,000, to a-kori-kura da fetur take tafiya, injin da ake yanka bishiyar ma fetur yake sha. Kaga kenan mai siye ya ƙaru amma kuɗin sari ya riga shi yin gaba.

Bari in bi maka hanyar itacen tun daga daji, don anan ne mutum zai gane wa yake cin me. Itacen da ake ƙonawa a birnin Kano yawanci ba na kusa bane, na kusa an cinye shi tuntuni, daga kudu yake zuwa, wajajen Tudun Wada da Doguwa da hanyar Saminaka, da ɓangaren Ningi ta jihar Bauchi, da su Gwaram da Birnin Kudu. A can akwai mai sara, talaka ne futuk, shi ke shiga daji da gatari ya sha cizon ƙudan zuma da fargabar maciji ya tara a bakin hanya, kuma shi yafi kowa samun kaɗan. Sai dillalin ƙauye da yake haɗa wa mai mota kaya ya ci la'adarsa. Sai 'yan lodi. Sai kuɗin takarda na halal wanda ake bada rasit, sai kuma wanda ba rasit, duk shingen da aka tsaya sai direba ya sauko da hannu a dunƙule, ba sai na kira sunan kowa ba duk wanda ya taɓa bin motar kaya yasan zancen. Sai mai, sai taya, don hanyar daji cin taya take kamar me, ga gingimarin da ta girmi direbanta in ta lalace a daji sai a kwana 3 ana jiran bakanike. Duk wannan kafin itacen ya iso hannuna an riga an ɗora min shi a ka. In ka tambaye ni wa yafi cin moriyar itace zan ce maka mai motar kansa wanda kuma yake da mutanensa a daji, sai kuma mai fili babba da kuɗin ajiya. Mu na bakin layi da masu sara a daji kuwa, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi.

Sannan maganar wai itace itace ne. Malam Edita wallahi wannan ita tafi kashe sababbin shiga. Itace kala kala ne kamar yadda shinkafa take kala kala. Marke shine sarki a wajen mata, yana kamawa da kyau, baya hayaƙi sosai, yana barin garwashi. Ƙirya nauyi gare ta da ƙarfi, wutarta na daɗewa, shiyasa maƙera da masu gawayi suke rububinta, amma faskara ta sai namiji, sai gatari ya dawo maka. Kanya da baushe da tsamiya da bagaruwa duk suna da kasuwa. Darbejiya ba laifi in ta bushe, ita ce ma rufin asirin cikin gari don ko an sassabe ta tana sake tohowa. Amma a kawo maka cediya ko durumi, nan da nan sun cinye sun bar toka, kuka kuwa ba'a ma maganarta, cikinta kamar soso. Mace in ta siya sau ɗaya ta sha hayaƙi idonta yayi ja maigida ya dawo tuwo bai nuna ba, shikenan ka rasa ta, kuma ba ita kaɗai ba har matan gidansu da na maƙwabta, don labarin mugun itace a cikin gida yafi rediyo saurin yawo.

Ni kaina an taɓa yi min, kuma lokacin ba sabon shiga bane ni. Wata shekara gab da azumi na tattara abinda nake dashi har da kuɗin adashen maiɗakina na sari mota guda daga hannun wani da ban saba dashi ba saboda ya sauko min da kuɗi, da magariba motar ta iso, na ɗaga fitila na duba sama da gefe duk marke ne busasshe har yana ƙara in ka buga, nace a sauke. Yara suka sauke cikin duhu na biya balas direba ya ja mota. Da gari ya waye na fito in fara jerawa, abinda na gani sai da na zauna a ƙasa. Marken nan ashe riga aka sa wa kayan, cikin duk ɗanye ne sharaf, wani ma da ganyensa, ka sa gatari ruwa na tsatsafowa, ga cediya ga wasu gungumen mangwaro da ko wata biyu basu yi da sarewa ba. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wato na biya kuɗin mota an ɗauko min ruwa daga daji. Azumin nan gaba ɗaya ina kallon kwastomomina suna wucewa wajen na gaba dani, ni ina juya itace a rana kamar mai shanyar barkono, sai bayan babbar sallah na gama saida shi, kuɗin adashe kuwa sai da na saida tunkiya na mayar don a zauna lafiya. Tun daga ranar ba'a sauke min kaya da dare, kuma sai na hau motar da kaina na zaro daga tsakiya, in direba ya ɓata rai ya ɓata.

To yanzu ina ribar take? A bakin gatari take. Wannan ita ce maganar da nake so duk mai sha'awar sana'ar ya riƙe. Gungume guda in ka saida shi yadda ka saro shi abinda zaka ɗora a kai kaɗan ne, don mai siyen gungume yasan kuɗinsa. Amma in ka faskara shi ka fitar da 'yan sirara ka ɗaure kashi kashi na 100 na 200 na 500, anan ne kuɗi ke fitowa, har ɓawon da 'yan guntayen da suke zubewa akwai masu ƙosai da suke siya na kunna wuta. Mu ƙaddara misali ka saro kayan naira 100,000 kuma Allah ya taimake ka babu algus a ciki, ka faskara ka ɗaure ka tashi da 140,000. Mai kallo zai ce kai, 40,000 a lodi ɗaya. To cire kuɗin sauke kaya, cire igiya ko robar ɗauri, cire ɗan abinda kake ba mai filin da kake zaune, cire harajin ƙaramar hukuma, cire gyara don babu macen da zata aiko a siya bata ce a ƙara mata ɗaya ba, cire wanda ka bayar sadaka don maƙwabci in anyi rasuwa ko haihuwa ba zaka ƙirga masa ba. Sannan babbar tambaya, wa yayi faskaren? In kai kayi da hannunka, abinda ya rage ɗin nan ba riba bace tsantsa, ladan ƙwanjinka ne ka biya kanka, da ka je kayi wa wani faskaren ma da ya biya ka. In kuwa ɗan faskare ka ɗauka, ka biya shi ka bashi abincin rana, zaka ga 40,000 ɗin nan ta koma abin tausayi. Sai tambaya ta biyu, cikin kwana nawa ka saida? In sati biyu ne ka ci, in wata biyu ne kuwa kana ci daga ciki kullum ana cefane, ranar da zaka koma sari sai ka tarar kuɗin hannunka basu kai lodi ba kuma lodin ya ƙara kuɗi. Haka jari yake mutuwa a sana'ar nan, ba faɗuwa ɗaya ba, a hankali kamar cin gara.

Tunda na ambaci gara, masu cewa itace baya lalacewa ina ga basu taɓa ɗaga gungumen da ya kwana 40 a ƙasa ba. Ta sama lafiya lau, ka juya shi ka tarar gara ta gina gari a ciki, ka ɗauka ka ji shi sakayau. Ga wani ƙwaro da yake huda shi yana zubo gari. Dole ka ɗora kaya akan duwatsu ko tsofaffin tayoyi, kana juyawa kana dubawa. Ga ruwan sama, ga masu zara ɗaya ɗaya da dare don itace ba'a kulle shi a shago, ga tsoron gobara lokacin hunturu wanda in yaro ya yar da guntun garwashi kusa da kayanka ba uwa ba riba, har gidajen mutane sai ka jawo musu.

Amma fa damina ita ce kakar mai itace, in yana da hali. Da ruwa ya sauka hanyoyin daji sun yanke, motoci basa shiga, masu saran sun koma gona, karan dawa da mata suke ƙonawa tun kaka ya ƙare, busasshen itace ya zama gwal. Wanda ya tara kaya tun watan Maris da Afrilu ya samu rumfa ko tampol mai kyau ya rufe, a watan Agusta shi ke faɗin kuɗi ba'a ja dashi. Nan ne riba ta gaskiya take, wadda ba ta gatari ba. Sai dai tana son abu biyu da ƙaramin mai sana'a bashi dasu, fili da kuɗin da zaka binne wata 4 baka taɓa ba. Ni a shekarun nan duka sau ƙalilan na iya yin haka yadda nake so, kullum sai wata lalura ta taso, kuɗin makaranta ko asibiti, in buɗe tampol tun kafin lokaci. Hunturu ma ana ciniki saboda ruwan wanka da jin ɗumi, sai azumi da sallah da lokacin bukukuwa. Amma bayan kaka in kara ya shigo gari, kasuwa sai ta kwanta, ka wuni kana korar ƙuda.

Sai bashi. Kayya. Mai itace a unguwa yake zaune, kwastomominsa maƙwabtansa ne, matar da kuka gaisa da mijinta a masallaci da asuba in ta aiko yarinya tace Baba wai inji Umma a bada na 300 in Abba ya dawo za'a kawo, ya zaka yi? Ka hana kasan yaran gidan ba zasu ci ba. Ka bayar Abba ya dawo ya wuce ta gabanka yana waya. Ina da wani littafi duk ya yi baƙi da gawayi, in na buɗe shi wani lokaci dariya nake, akwai bashin da mai shi ya tashi daga unguwar shekara 5. Masu waina da ƙosai da masu abincin saidawa su ne kwastomomin kullum, su ke riƙe mu, amma suma yawanci sai sun saida suke biya, ranar da ciniki ya ƙi musu ya ƙi maka. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 kuwa ba zan manta ba, mutum zai zo siyan itacen 200 yace zai yi tiransifa, ni ko asusun banki mai aiki bani dashi a lokacin, masu sara a daji kuma basu san wani tiransifa ba sai tsaba, sai da muka koma siyan kuɗi da kuɗi a wajen masu POS kafin a yi lodi.

Wani zai ce to ai ga gidajen burodi ga masu tsire da balangu ga masu turara shinkafa ga makarantun kwana, su ke cin itace da yawa. Gaskiya ne, amma mai gidan burodi ba wajena zai zo ba, mota guda ake sauke masa kai tsaye daga hannun wanda nima nake saro wa, wani ma yana da direbansa na shekara da shekaru. In kaga ya aiko wajena to kayansa ne suka yanke da tsakar dare. Shiga wannan layin sai da sanayya da jari mai kauri da haƙurin bin kuɗi, don suma ba duka suke biya a take ba.

Kuma kar mutum ya ɗauka kasuwar nan da ta buɗe ta buɗe kenan. Gawayi yana cin kasuwarmu sosai musamman a gidajen haya inda maigida baya yarda a baƙanta masa bango, duk da shi gawayin ma itace ne aka ƙona ninki biyar ko fiye kafin a samu abinda ake samu. Ga murhun nan na garin katako da ake ce wa Abacha tun wahalar kananzir ta shekarun 1990, ga masu amfani da buntun shinkafa. Gas kuma yanzu ana zuba na kuɗi kaɗan a silinda ƙarama, ranar da ya ɗan sauko matan nan da suke aiko yara da buhu ko sallama ba zasu yi min ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mahaifiyata har ta rasu tana fama da ido da tari, shekara da shekaru a gaban murhu cikin madafi marar taga. Hukumar lafiya ta duniya tace hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara a duniya. Ni mai saida itace ne amma maiɗakina in da hali da gas take girkin safe, wannan ba abin ɓoyewa bane.

Abinda yafi damuna dai, wanda kuma saboda shi ne nake ganin maganar ta cancanci shiga jarida, shine dajin kansa. Mahaifina da jaki yake zuwa ya dawo a yini ɗaya. Ni yanzu mota sai ta kwana a hanya. Marken da ina yaro ake cika mota dashi zalla yau sai an cuɗa shi da tarkace, har ɗorawa da kaɗanya da da can ba mai taɓa su saboda kalwa da man kaɗe yanzu ina ganinsu cikin lodi, in na gani raina baya daɗi amma na riga na biya. Dajin Falgore da ke kan hanyar Jos gandun gwamnati ne, doka ta hana sara a ciki. Dazukan da suka rage da itace mai kyau kuma da yawa sun zama na 'yan bindiga, wa zai shiga Rugu ko dazukan Birnin Gwari da gatari yanzu? A Borno sau nawa muka ji a rediyo an kashe masu neman itace a bayan garin Maiduguri. Duk wannan yana cikin kuɗin ɗaurin 200 ɗin da ake cewa na ƙanƙance. Sana'ar da kullum kayanta ke ƙara nisa, mai hankali baya zuba duk abinda ya tara a rayuwa a cikinta.

Jihohi kuma lokaci lokaci sai ka ji an tashi da sanarwa an hana sare bishiya an hana gawayi, a kama motoci kwana biyu, itace yayi tsada, kuɗin shinge ya ƙaru, sannan a koma gidan jiya. Ni ban ƙi doka ba, ina da 'ya'ya kuma ina ganin yadda zafi da hamada suke matsowa. Amma ka hana itace baka sauko da gas ba, me kake so mace ta dafa dashi, yatsunta? An gudu daga gara an faɗa gidan zago kenan. Ga maƙwabtanmu Nijar da suka fi mu ƙarancin daji, tun farkon shekarun 1990 suka kafa kasuwannin itace na karkara, mutanen ƙauye su ke kula da dajinsu, a yanka musu yawan da zasu sara a shekara, harajin a raba har ƙauyen ya samu kasonsa. A wajajen Maraɗi da Damagaram kuma manoma sun koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki, suna samun makamashi daga rassan ba tare da kashe uwar ba. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasarsu tafi tamu bushewa. Mu nan ana ta maganar babbar katangar bishiyoyi ta tare hamada a jihohi 11 na arewa, ana dashe ranar biki a ɗauki hoto, ban taɓa ganin an kira masu itace an ce ku zo ga fili ku shuka darbejiya ko bishiyar turare ku dinga sara bi da bi kuna biyan haraji ba, alhali mu ne muka fi kowa buƙatar bishiyar ta wanzu.

To Malam na ritaya dai na gaya masa duk wannan, yayi shiru yana jan carbi, can yace to kai yanzu me kake bani shawara. Nace Malam shekarunka sun wuce faskare, yaranka kuma na sansu ba wanda zai riƙe gatari, in ka ɗauki ɗan faskare ka ɗauki mai jiran kaya kai kana gida, su zaka yi wa sana'a. In dai lallai kana so, kangon nan da ke bayan gidanka da ba ka gina ba shine jarinka ba garatutin ba, ka ware kaso ɗaya cikin biyar na kuɗin kawai, in rani ya tsaya mu je tare in zaɓa maka lodi ɗaya da rana tsaka, mu jera akan duwatsu mu rufe, ka manta dashi sai Agusta, in lokacin yayi ni zan saye a hannunka ko in haɗa ka da masu waina. Sauran kuɗin ka nemi wani abin. Ita bazawarar kuwa nace mata ta dinga ɗaukar faskararre a wajena tana ɗaurawa tana saidawa a cikin gida tunda mata sun fi sakewa su shiga wajen 'yar uwarsu, abinda zata samu ba yawa amma jarinta ba zai nutse ba, ta fara kuma Alhamdulillahi tana samun na sabulu da na cefane. Mai digirin ne ban sake ganinsa ba tun ranar da nace ya ɗan karɓi gatarin ya gwada akan wata ƙirya da ta kwana biyu tana bani wahala, ya sara sau 4 gatarin na tsalle, ya ajiye yace zai je ya dawo.

Malam kuma da zai tafi sai da ya tsaya ya zaɓi ɗauri biyu na marke, ya laluba aljihu yace au, bari in an jima zai aiko yaro da kuɗin. Na buɗe littafi na rubuta.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai saida itace,
daga Kano.